Takardar da Na Aika Gidan Surukaina

Ranar kasuwar da ta wuce na shiga layin masu tireda a Cadawa ina neman batirin rediyo, sai na tarar rumfar mai littattafai ta koma wurin cajin salula. Allo ne aka kafa, igiyoyi na reto a jikinsa, samari sun jeru a benci kowa kansa a sunkuye. Na tambayi mai wurin ina tsohon da ke shimfiɗa littattafai a nan, ya ce shi bai taɓa saninsa ba, haka ya sami rumfar babu kowa. Na ce in ya rasu Allah ya ji ƙansa, in yana raye Allah ya saka masa da alheri. Na koma gida ban sayi batirin ba.

A wancan zamani tabarma yake shimfiɗawa, ya jera littattafan soyayya a kai, ya ɗora wa kowanne ɗan dutse don kada iska ta ɗauke. Daga ƙetaren iyaka suke zuwa, cikin buhu, tare da atamfa da kwanonin fatake, shi ya sa wani lokaci sai ka buɗe littafi ka ji yana ƙamshin sabulu. Sirara ne, takardarsu ba ta da kauri, tawadar wani shafi ta dushe har sai ka kai shi bakin ƙofa. 'Yan mata kan turo ƙannensu su karɓo musu a ɓoye. Ni kuwa da kaina nake zuwa, in tsuguna kamar mai duba wani abu daban, in zaɓa, in cusa cikin riga. Yanzu jikokina ba sa taɓa takarda. Su manna salula a kunne, wata murya na karanto musu labarin suna wanke-wanke. Ban ce nasu ya fi namu muni ba. Abin da na sani kawai, mu muna jiran ranar kasuwa kafin mu ji yadda labari ya ƙare, kuma a cikin jiran nan mukan yi ta saƙa namu ƙarshen.

Ni yaro ne marar magana. Gidanmu kuwa gidan hayaniya ne. Tun asuba taɓarya ke amsa taɓarya daga wannan gida zuwa wancan, guga na buga bakin rijiya, amalanken shanu na kuka a hanyar gona, Inna na faɗa da kaji kamar suna jin Hausa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, saboda haka Inna da ƙanenta, Kawu, su suka riƙe ni. Inna takan ce, "Wannan yaron, in ba ka leƙa ba sai ka ce ba ya gidan." Aka sa ni lakol, wato makarantar boko, na kama karatu kamar wanda ya sami maɓoya. Littattafan faransanci na jarrabawa ne, na Hausa kuwa nawa ne. Kowanne sai na yi masa riga da takardar buhun siminti, na rubuta masa lamba a baya. Ina da kaye guda, wato littafin rubutu irin na lakol, wanda ba na rubuta komai a ciki sai kalmomin da suka burge ni daga labaran nan, a jere, da jan layi ƙarƙashin kowanne. Waɗanda na fi so su ne na miji da mata da suka ɓata, aure ya kai bakin mutuwa, sannan suka dawo suka shirya. A irin waɗannan labaran, kusan kullum wasiƙa ce ke gyara komai. Mijin ya zauna ya rubuta, matar ta karanta hawaye na ɗiga a kan takarda, shafi biyu gaba sai ga ta ta dawo.

Na yi aure ina makarantar horon malamai a Maradi, saura shekara uku in gama. A wani biki a Gazawa na ga mai ɗakina. Na yi wata uku ban iya ce wa kowa komai ba, sai da Kawu ya lura ina yawan tambayar hanyar ƙauyensu, ya yi dariya ya ɗauki sandarsa ya je ya yi mini magana. Ita ma ta amince da bakinta. Mutanen wani ƙauye ne kusa da Gangara. Kakanninsu Fulani ne masu kiwo, suka zauna suka kama noma, harshen ya tafi sai 'yan kalmomi, amma kunyar tana nan yadda take. Tun kafin in gama karatu suka laƙaba mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakol. Ita ba ta yi lakol ba. Allo ta yi, ta iya karatun salla, kuma ta fi ni lissafin kai nesa ba kusa ba.

Allah ya ba mu ɗa namiji. Ɗan fari ne, don haka ni da ita babu mai kiran sunansa, babu mai ɗaukarsa a gaban mutane yana yi masa wasa. Inna ce ke rawa da shi tana ce masa mijinta. Yana da wata bakwai, cikin zafin bazara, ƙyanda ta shigo unguwa. Ina Maradi aka aiko. Kafin in iso an riga an kai shi.

Na zauna a ƙofar gida na karɓi gaisuwa kwana uku. Da na shiga ɗaki na same ta zaune a bakin gado, na ce, "Sai haƙuri." Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki." Iyakar abin da muka ce ke nan. Al'ada ba ta yarda uwa ta yi ta kuka kan ɗan fari a gaban surukai ba, ni kuma na sami inda zan ɓuya a bayan al'adar. Bayan 'yan kwanaki na ga tana ɗaukar 'yar rigarsa tana kai wa hanci idan ta zaci ba mai kallo. Zuciyata ta kasa ɗauka. Da ta tafi rijiya sai na tattara kayan yaron duka, riguna da zanen goyo da 'yar hula, na wanke su tas da sabulu, na shanya, da nufin in ninke in adana a akwati kada su riƙa tayar mata da hankali. Ta dawo da tulu a kai, ta gan su a kan igiya. Ta daɗe tsaye. Ta sauke tulun, ta shiga ɗaki. Ni a ganina na yi mata alheri.

Damina ta zo, aka ba mu dogon hutu. Mu je gona tare mu dawo tare, ba mai ce wa wani komai sai "miƙo" da "ga shi". Da la'asar in ɗauki littafi in zauna gindin darbejiya ina karanta yadda waɗansu ke lallashin matansu, tawa tana taku goma daga inda nake tana tankaɗe. Ba mu taɓa faɗa ba. Da mun yi faɗa ma da Inna ta ji ta shiga tsakani. Da aka gama yankan gero, saura kwana kaɗan in koma Maradi, ta ɗaura ɗan ƙunshinta ta durƙusa ta ce wa Inna za ta je ganin gida. Inna ta dube ta, ta dubi ƙunshin, ta gane yaji ne.

"Tashi ka je biko," in ji Inna. "Ka ɗauki kawunka, ku sayi goro, ku tafi tun abin bai kwana ba."

Na ce to. Amma duk lokacin da na tuna zauren Baffa, mahaifinta, da yadda zan durƙusa a gaban dattawa a ce in faɗi abin da ya haɗa mu, sai in fasa. Me zan ce? Ni kaina ban san laifina ba. Na yi ta cewa gobe har hutu ya ƙare. A Maradi na zauna da kayen nan nawa, na yi kwana uku ina rubuta wasiƙa. Na yi ta da fensir, na gyara, sannan na kwafe da bik, wato biro, babu gogewa ko ɗaya. Na sa ta a ambulan mai ruwan ƙasa irin na buro, wato ofis, na liƙe, na ba wani direba mai bin hanyar Gazawa, shi kuma ya ba wani ɗan kasuwar ƙauyensu. Da na zo gida Inna ta tambaye ni, na ce, "Na aika." Ta zaci mutum na aika. Ni kuma na koma ina jiran amsa, ina leƙa ɗakin mai gadin makaranta ko an kawo mini takarda.

Wata biyu shiru. Aka ba mu ɗan hutun tsakiyar shekara, na zo gida. Washegari da hantsi ina zaune sai na ji amalanke ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Mata huɗu ne suka shigo, gwaggon mai ɗakina a gaba, mace doguwa mai kaifin baki. Inna ta shimfiɗa tabarma da murna, ta zaci amarya aka maido. Gwaggo ta ƙi zama.

"Kaya muka zo kwashewa," in ji ta.

"Wane kaya?" in ji Inna.

"Kayan ɗiyarmu mana. Ko su ma riƙe su za a yi? An ba ta takardarta, iddarta ta kusa cika, mi ya rage?"

Inna ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. "Kai, saki ka yi ban sani ba?"

Na ce, "Wallahi Inna ban sake ta ba. Wasiƙa ce."

"Wasiƙar mi?"

Na rasa yadda zan faɗa a gaban surukai. Na ce, "Ta ban haƙuri."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Mushe, mace ta yi yaji, mijinta bai zo ba, bai turo kowa ba, sai ga takarda a liƙe cikin ambulan irin na hukuma. Kai in kai ne uban, mi za ka ce?"

"Ba a karanta ba?"

"Wa zai karanta? Liman bai iya bokonku ba. So kake mu kai wa 'ya'yan maƙwabta su karanta mana abin kunyarmu, gobe a ji shi a bakin rijiya? Ubanta ya ce abin da ke ciki sananne ne, ya soke ta a rufin zaure."

Inna ta zauna daɓas a kan turmi. Ta roƙi Gwaggo ta bar kayan, Gwaggo ta ce ita aiko ta aka yi, ba za ta mai da amalanke fayau ba, in akwai magana a je a yi ta inda ya kamata. Ina tsaye suka sauke jeren kwanoni daga bango, suka naɗe katifa, suka fitar da gado da tukwane. Kafin azahar ɗakin ya zama fili, sai akwatina da tarin littattafai a lungu. Inna ta leƙo ta ce, "To, ga matanka nan an bar maka. Su dafa maka tuwo."

Da sassafe muka kama hanya ni da Kawu, da ƙunshin goro. Mota ta sauke mu a Gazawa, muka sami wata zuwa Gangara, sauran muka taka da ƙafa cikin gonakin da aka girbe. Kawu bai bar ni na huta ba. "Shekara nawa kana lakol, ɗan nan? A ce duk karatun ba a koya muku ƙafa ba?" A zaure muka sami Baffa da liman da wasu dattawa biyu. Aka gaisa, gaisuwa mai sanyi. Kawu ya ajiye goro ya yi bayani. Baffa ya miƙe ya zaro ambulan daga cikin rufin, ya kaɗe ƙura, ya ajiye a gabana. Yadda na liƙe ta haka take.

"Kai ka rubuta," in ji shi. "Buɗe ka karanta muna."

Na yage bakin ambulan, na fito da takardun. Kawu ya leƙo ya ƙirga. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Malam, saki dai uku ne iyakarsa ko? To kun ga wannan ya wuce saki."

Liman ya danne dariya. Baffa ko gezau. Bayan zanar da ta raba zaure da cikin gida ina jin motsin mata, an daina daka. Na san tana cikinsu. Na fara karantawa, muryata kamar ta wanda zazzaɓi ya kama.

"Zuwa ga hasken idanuna, sanyin zuciyata, wadda babu kamarta a cikin mata."

Wani dattijo ya ce, "Ɗaga murya, Mushe, ba mu ji."

Na ɗaga. "Tun ranar da kika tafi, wata ya daina haske a wurina, abinci ya daina yi mini daɗi."

"Nan dai ya yi ƙarya," in ji Kawu. "Jiya a gabana malmala biyu ya tashi da ita."

Bayan zana aka fashe da dariya, har wata na cewa wayyo cikina. Na so ƙasa ta tsage. Amma Baffa ya ce in ci gaba, kuma sai da na karanta shafi huɗun nan kaf, da taurari da furanni da kogin hawaye, a gaban surukina. Da na gama liman ya tambaye ni ko akwai inda na ce na sake ta, na ce babu. Ko na taɓa furtawa da baki, ko na yi niyya sa'ad da nake rubutu, na ce a'a. Ya ce to aure yana nan daram, babu idda babu komai.

Sai a lokacin Baffa ya dube ni sosai. "Wata biyu ɗiyata na ƙirga kwanaki. Wata biyu uwarta ba ta barci. Ƙafarka ciwo take?"

"A'a, Baffa."

"To mi ya hana ka zuwa?"

"Kunya."

"Kunya," in ji shi, ya jinjina kai. "Mu za ka koya wa kunya? Mu ma muna da ita, amma ba mu aike ta a mota." Sannan ya ce, "Ni ba ni riƙe matar mutum. Amma ba ni tura ta. A tambaye ta."

Na zaci an gama. A littafi nan ne ake gamawa. Gwaggo ta shiga, ta daɗe, ta fito ta ce, "Ta ce ba ta komawa."

Kawu ya daina murmushi. Ya roƙi arziki a bar ni in gan ta ko na ɗan lokaci. Aka kai ni ɗakin Gwaggo, ita Gwaggon ta zauna a bakin ƙofa da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara, wai ba ta jin mu. Mai ɗakina na zaune a tabarma, ta rame, ta juya mini gefe. Kayanta da aka kwaso jiya suna jibge a bayanta.

"Na ji karatunka," in ji ta. "Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba."

Na ce, "Ki yi haƙuri."

"Wannan matar ta cikin takarda, wace ce? Ni ban san ta ba. Ba ta haihu ba. Ba a ɗauke mata ɗa daga goyo ba. Shafi huɗu, Mushe, har da furanni, ba ka ambaci yaron ba ko sau ɗaya." Ta goge ido da bakin mayafi. "Da aka ce saki ne na yi kuka na gode Allah. Na ce ko ba komai ya yi magana da ni sau ɗaya. Yau na ji ashe ko wannan ɗin ba ni ka rubuta wa ba."

Na ji hannuna ya tafi aljihu yana laluben bik, kamar zai cece ni. Na mai da shi kan gwiwa. Babu kaye, babu fensir, babu damar gogewa. Na fara magana, tana fitowa a karkace. Na ce mata ranar da aka aiko ina cikin aji, na fita ban ɗauki ko takalmin kirki ba, na rasa mota na yi ta tafiya a bakin kwalta har wata ta tsaya mini. Na ce mata washegari na sa Kawu ya nuna mini wurin, kuma tun daga ranar duk zuwan da zan yi gida sai na sauka kafin gari na bi ta maƙabarta tukuna. Na ce kayan da na wanke, don na ga tana shan wahala ne.

Ta juyo. "Ƙamshin jikinsa ne kaɗai ya rage mini. Shi ka wanke."

Wallahi sai a ranar na sani. Wata tara ina neman laifina cikin littattafai, ga shi an faɗa mini cikin numfashi ɗaya. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Ta bar ni na ɗan lafa, sannan ta ce, "Wa kake zuwa gani a maƙabartar?"

"Yaron."

"Wane yaro? Yara nawa ne kwance a can?"

Gwaggo ta yi gyaran murya a bakin ƙofa. Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Tun ranar suna sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba.

Na ce, "Yusufa."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta tashi da ƙwaryarta ta koma can gindin rumbu. Mun daɗe a haka. Daga baya mai ɗakina ta ce, "Ka tafi. Zan zo bayan kwana bakwai. Amma kayana suna nan. Zan zauna in gani zuwa shuka. In abin da na bari shi zan tarar, ba sai an sake wahalar da shanu ba."

Haka ta dawo, da ƙunshin da ta tafi da shi. Tabarma muka shimfiɗa a ɗakin, da tukwanen Inna take girki. Duk wanda ya shigo ya ga bangon nan babu jere ya san auren a tsaye yake da ƙafa ɗaya. Ni kuma na daina zama Maradi ranar hutu. Kowace Asabar ina hanya, ko da a bayan motar buhuna ne. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai satin da na zo ta ƙi kallona, ban san dalili ba, kuma na tsorata in tambaya. Akwai ranar da tsohon hali ya motsa, na rubuta 'yar takarda na sa mata ƙarƙashin faifai, na ce Inna ta nemo mai karanta mata. Ta ɗauka, ta dube ni, ta cusa ta a murhu ta hura wuta da ita, ta ɗora ruwan zafi.

Wata la'asar na ɗauki littafi zan nufi gindin darbejiya, sai ta ce, "In karatun za ka yi, yi shi a nan, da ƙarfi. In ji abin da suke ba ka." Na zauna kusa da ita tana ɓarar gyaɗar iri, na fara. Ba mu yi shafi uku ba ta tsayar da ni. "Wannan mijin wawa ne. Matar ta ce ba komai, shi kuma ya yarda?" Na ce haka aka rubuta. Ta ce, "Bar abin da aka rubuta. Kai da kai ne, mi za ka ce mata?" Ta hana ni juya shafi sai na amsa. Haka muka riƙa yi kowane mako. Littafin da nake cinyewa a yini ɗaya sai ya kai mu wata guda. Mu fara da mutanen cikin labari, kafin magariba mun bar su can mun dawo kan namu. A nan na ji abubuwan da suka faru a kwanakin ciwon yaron da ba wanda ya gaya mini. A nan ita ma ta ji cewa shiruna ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Wani lokaci Inna ta jawo kujerarta ta ce ita ma a sa da ita, ta yi ta tsine wa mazan littafi.

Shi ya sa ba na iya zagin littattafan nan, ko da yake su suka tura ni na yi wautar da ta kusa kashe mini aure. Waɗanda suka rubuta su ba su san ni ba, tsohon mai rumfa bai san abin da yake sayar mini ba, amma ta bakinsu na koyi buɗe nawa. Na yi shekaru ina koyarwa a Gidan Rumji da ƙauyukanta, na ga zamani ya juya. Yau saurayi na iya aika wa matarsa magana ɗari kafin azahar, ta ji muryarsa ma ba sai an karanta mata ba, kuma duk da haka sai ka ga suna kwana ɗaki ɗaya kowa da abin da ya haɗiye. Biko ma yanzu da salula wasu ke yi. Ba na yi musu dariya. Wanda ya yi da ambulan ba shi da bakin yi wa kowa dariya. Ina dai gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka ƙi karɓar takarda a madadina, da Kawu da ya taka da ni, da matar da ta ce a'a a ranar da kowa ke jiran ta ce to.

Ruwan farko ya sauka a wata Juma'a da yamma, ina Maradi. Na san wa'adin da ta ɗiba ya cika. Asabar tun da sanyin safiya na iso, ƙasa na ƙamshi, gari duk ya fita gona, ba ka jin komai sai ƙarar sungumi da kiran yara. Na tarar ta riga ta auna iri a ƙwarya. Ba ta ce mini komai ba game da maganar, ni ma ban tambaya ba. Muka tafi. Ina gaba ina sara, tana biye tana jefa gero tana rufewa da diddige. Muka kai ƙarshen layi muka juyo, muka sake kaiwa muka juyo. Duk saran da na yi ina jira in ji ta ce wani abu. Rana ta fara ɗagawa, gumi ya jiƙa mini riga.

Muna tsakiyar gona, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Ranar kasuwa ka nemi amalanke. A je a kwaso mini kayana. Na gaji da tukunyar Inna, gindinta ya yi kauri."

Sungumin ya tsaya mini a sama. Na ce, "To."

"To kawai?"

Na juyo na dube ta. Na ce, "Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi. Tun jiya ban runtsa ba, ina tsoron ki ce za ki tafi."

Ta ɗan yi murmushi, ta jefa iri a ramin da ke gabanta, ta take.

"To yi ta sara, Mushe," in ji ta. "Ƙasa na bushewa."